Rufin Tirelar Vernon

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari a arewacin jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, sunansa Vernon Haugland. Shekara talatin da takwas ya yi yana tuƙa tankar madara, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti goma sai ya ji labarin cewa ko fentin mota bai taɓa gogewa ba.

Da ya yi ritaya, shi da matarsa Marlys suka sayi tirelar yawon hutu, irin wadda ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Vernon yana ji da tirelar nan sosai. Ko jikokinsa za su shiga sai sun tuɓe takalmi.

'Yarsu ɗaya ce, Janelle. Mijinta Curtis Pelkey ma'aikacin jinya ne a gidan kula da tsofaffi, kuma Vernon bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. "Namijin da aikinsa canza zanen gado," haka yake kiransa a bayan ido, wani lokacin ma a gabansa. Shekara tara da auren, amma har yanzu "Mista Haugland" Curtis yake ce masa, don bai taɓa ba shi fuskar kiransa Vern kamar yadda kowa ke yi ba.

A watan Satumba Janelle ta lallaɓa babanta ya ara musu tirelar, suka kai yaransu biyu bakin tafki. Ranar Lahadi Curtis ya dawo da ita a wanke tas, ya ajiye ta a gaban rumfar mota.

Washegari da safe Marlys ta tafi sayayya. Vernon ya ɗaura tirelar zai shigar da ita rumfa da baya, abin da ya yi sau ba adadi. Sai dai ƙofar rumfar irin mai naɗewa sama ce, kuma ba ta gama hawa ba. Bai lura ba. Watanni ke nan idonsa yana yi masa hazo-hazo, bai gaya wa kowa ba.

Ya ji ƙara. Da ya fito, na'urar sanyaya ɗaki da ke saman tirelar ta tumɓuke, rufin ya yage kamar tsawon hannu biyu.

Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya janyo tirelar ya mayar da ita daidai inda Curtis ya ajiye ta, ya share ɓaraguzan, ya buga ƙofar rumfar da guduma ta miƙe.

Da Marlys ta dawo ta ga ɓarnar, ta ce, "Haka Curtis ya dawo da ita?"

Kalma ɗaya ce ta rage masa ya faɗa, a'a. Amma ya ɗaga kafaɗa kawai.

Kafin ƙarshen mako maganar ta kai shagon kofin da yake zama kowace safiya da abokansa, Orville da Gene. Tun yana ba da labarin da nauyin baki har ya saba, ya fara ƙara masa gishiri.

Orville ya ce, "Kai ma da ganganci, Vern. Wa ya ce ka ba mai rabon magani tirela?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

A gidan Janelle kuwa babu dariya. Curtis ya gaya mata sau ɗaya cewa lafiya lau ya mayar da tirelar. Ta ce, "To babana ne ya yi ƙarya ke nan? Ka yi kuskure, ka ce ka yi kuskure, shi ke nan." Bai sake tayar da maganar ba. Amma tun daga ranar gidan ya yi sanyi, sai gaisuwa da zancen yara.

Ranar bikin godiya na Nuwamba, dangi sun cika teburi, Marlys ta miƙa wa Curtis wuƙa ya yanka talotalo. Vernon ya ce, "A'a, karɓe wuƙar nan, kada ya yi masa irin na rufina."

Wasu suka yi dariya. Babbar jikarsa mai shekara takwas ta dubi babanta, sannan ta sunkuyar da kai. Curtis ya ajiye wuƙar a hankali ya ce, "Ga ta, Mista Haugland, kai ka fi iyawa."

Mai gyara na garin ya duba rufin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai an mayar da ita kamfanin da ya ƙera ta a jihar Indiana a sauya rufin gaba ɗaya. Kamfanin suka ba da ranar ashirin ga Janairu, in ba haka ba sai Yuni. Kafin Yuni kuwa dusar ƙanƙara za ta narke ta shiga ta ruɓar da katakon ciki, tirela ta tashi aiki.

Tafiyar mil ɗari bakwai ce, a tsakiyar sanyi. Ga shi a farkon Janairun nan idon Vernon ya kai inda ba ya ɓoyuwa, aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi tuƙi.

Ya nemi Orville, ya ce bayansa na ciwo. Ya nemi Gene.

Gene ya ce, "A Janairu? Da tirela a baya? Vern, abota daban, amma ni ban shirya mutuwa ba tukuna."

Ana saura kwana biyu, da sassafe, Vernon ya ji ana buga guduma a waje. Ya leƙa ya ga Curtis a tsugune yana fasa ƙanƙarar da ta riƙe tayoyin tirelar.

Curtis ya ce, "Ina kwana, Mista Haugland. Janelle ta ce ba ka sami direba ba. Na yi musanyen aiki na kwana huɗu da abokan aikina. In ka shirya mu kama hanya."

Vernon ya so a ce wani ne, ko wane ne. Amma babu wani.

Awa uku na farko bakinsa bai huta ba. "Sassauta. Kada ka taka birki a nan. Bar wa waccan motar fili." Duk abin da ya faɗa sai Curtis ya ce, "To." Faɗan ya fi wa Vernon sauƙi a kan shiru.

Sun shiga jihar Wisconsin da azahar iska ta taso. Tamfol ɗin da aka lulluɓe rufin da shi ya tsinke a gefe ɗaya yana ta kaɗawa. Curtis ya gangara gefen titi, ya ciro tsani. Sanyin ranar irin wanda ke daskarar da gashin hanci ne.

Vernon ya riƙe tsanin, Curtis ya hau. Igiya ta ƙi ɗauruwa da safar hannu, sai ya cire ta ya riƙe a baki, ya ci gaba da hannu tsirara.

Vernon ya ɗaga kai. Da sabon idonsa ya ga abin da bai gani ba a watan Satumba. A bakin yagewar rufin akwai dogon layin koren fenti, fentin ƙofar rumfarsa, wanda shi da kansa ya shafa. Fuskar Curtis tana dab da wurin. Ya ga Curtis ya dubi fentin, ya ja tamfol ya rufe shi, ya ɗaure.

Da suka koma mota yatsun Curtis sun yi fari, biyu sun tsage suna jini. Ya sa su a hammata har suka ɗumama, sannan ya tayar da mota. Vernon bai ƙara ba shi umarni ba.

Da yamma suka tsaya cin abinci kusa da masaukin da za su kwana. Aka kawo musu miyar wake da nama mai zafi. Vernon ya yi ta juya cokali. Sau biyu yana buɗe baki.

"Curtis."

"Na'am."

"Miyar nan ta yi gishiri."

"Ta ɗan yi," in ji Curtis.

Washegari suka wuce Chicago, suka bi ta ƙasan tafkin Michigan, inda dusar ƙanƙara ke zuba kamar ana zazzage buhu. A kan wata gada tirelar ta fara wutsil-wutsil, tana jan bayan motar hagu da dama. Vernon ya dafe gaban mota. Curtis bai taɓa birki ba, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe har ta nutsu.

Shekara talatin da takwas a kan hanya, Vernon ya san tuƙi in ya gan shi. Ya so ya yaba, sai ya ji ba shi da bakin yabon.

Sun isa kamfanin da la'asar. Wata mata mai suna Darlene, mai karɓar tirelolin gyara, ta hau ta yaye tamfol ta duba, ta sauko da takarda a hannu.

Ta ce, "Wannan da baya aka shiga ƙarƙashin ƙofa. Muna ganin irinsa kullum, yawanci daga waɗanda suka fi kowa iya tuƙi. Sai na rubuta yadda abin ya faru da wanda ke tuƙi. Wane ne a cikinku?"



Curtis ya ce, "Rubuta ni. Pelkey."

Ta fara rubutu. Vernon yana kallon biron yana tafiya, yana kallon yatsun Curtis da filasta a kansu.

"Dakata," in ji shi. "Goge. Haugland za ki rubuta. Ni ne. Rumfata ce, ƙofata ce. Shi lafiya lau ya kawo min ita, har wanke ta ya yi."

Darlene ta dube shi, ta dubi Curtis, ta ja layi a kan sunan. "To, Haugland. Sa hannu a nan."

Suka kwance tirelar suka bar ta. A cikin mota Curtis ya kunna na'urar ɗumama.

Can Vernon ya ce, "Me ya sa ba ka tona ni ba? Wata huɗu."

Curtis ya ce, "Na gaya wa Janelle sau ɗaya. Na ga in na matsa, sai ta zaɓa tsakanin ni da kai, kuma duk wanda ta zaɓa ita ce da asara." Ya dubi Vernon. "Sannan a wurin aikina kullum ina tare da mutanen da ido ya fara gudu, aka karɓe musu makullin mota. Na san ba tirelar ce ta tsorata ka ba."

"Ban ɓata maka rai ba?"

"Ka ɓata. Ranar talotalon nan, da muka koma gida 'yata ta tambaye ni me ya sa ban ba Kaka haƙuri ba. Wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba."

Vernon ya juya fuska wajen taga. Ya daɗe bai juyo ba.

Da suka dawo gari bayan kwana biyu, bai bari Curtis ya kai shi gida ba. Ya ce su fara zuwa wurin Janelle, ya kuma kira Marlys ta same su can. Ya tsaya a tsakiyar kicin da hularsa a hannu, ya sa aka kira yaran, ya faɗi komai: ƙofar, sharar ɓaraguzan, gudumar, har da idon da ya ɓoye.

Marlys ta zauna a kan kujera ta rufe baki da hannu.

Janelle ta ce, "Baba, saboda kai na ce wa mijina maƙaryaci. A cikin gidansa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba." Ba ta ƙara kallonsa ba. Ta je ta kama hannun Curtis, ta ga filastar, sai kuka ya ƙwace mata. "Ka yafe min, Curtis," in ji ta.

Babbar jikar ta matso kusa da babanta ta jingina da shi.

Janelle ta yi sati uku ba ta ɗaga wayar babanta ba, kuma bai ga laifinta ba.

Saura shagon kofi. Ranar Litinin ta farko bayan dawowarsu ya shiga, Orville ya hango shi ya ce, "Ka dawo da rai? Mai rabon magani bai jefa ka rami ba?"

Vernon bai zauna ba. Ya ce, "Ni na yage rufin, Orville. Na ɗora wa yaron, kuka taya ni yi masa dariya. Shi ne kuma ya kai ni Indiana, lokacin da bayanka ke ciwo."

Gene ya tura masa kujera da ƙafa ya ce, "Zauna, kofinka zai huce."

Ya zauna. Kunyar ba ta sake shi ba, amma a karon farko tun Satumba ya iya ɗaga ido ya dubi mutanen da ke gabansa.

Darasi: Kuskure ba ya zubar da mutunci kamar ɗora wa wani laifin da kai ka aikata. Kunyar da Vernon ya guje wa ta minti ɗaya ce, amma ya saye ta da wata huɗu na baƙin cikin gidan 'yarsa. Kada ka raina mutum don sana'arsa, kuma kada ka ɗauki shirun mai haƙuri a matsayin ba ya jin ciwo. In akwai wanda yake ɗauke da laifinka a yau, je ka sauke masa tun kafin ya yi maka alherin da zai hana ka haɗa ido da shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake jiran wannan tunatarwar.