Jangwada a Gwanjon Gidan Giwa

Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, Kawu.

To ku matso. Lantana, ajiye gyaɗar nan, ko ki miƙo min rabi.

Wani ƙadangare ne, irin mai jan kan nan, Jangwada. Ba shi da gona, ba shi da mata, ba shi da kuɗi ko wuri ɗaya na tsiya. Abu guda yake so a duniya: gwanjo. Da ya ji ƙararrawa, an ce wane zai tashi za a sayar da kayan ɗakinsa, to ko ƙuda ya kai baki sai ya tofar ya ruga. Ya hau katanga ya baje. Bai taɓa sayen ko ludayi ba. Kallo dai. A fito da tsohon akushi, ya ji daɗi. A fito da fitila mai fasasshen ƙwai, ya ji daɗi. A fito da akwatin da makullinsa ya ɓata, nan daɗin ke kai masa har wutsiya. Kun kuwa san ƙadangare, in abu ya yi masa daɗi: kai sama, kai ƙasa, kai sama, kai ƙasa.

Garin nan suna da doka. Wanda ƙararrawa ta faɗa a kansa, ya biya kafin rana ta faɗi. In bai biya ba, shi da filin gwanjo har abada.

Ana nan, Iya Giwa ta tsufa, gwiwa ta ƙi. 'Yarta ta aiko daga ƙetaren kogi, ta ce Iya taho ki zauna wurina. Kaya kuwa kwalekwale ba zai ɗauka ba. Sai gwanjo. Hankaka, mai gwanjon garin, wanda ya san Jangwada da halinsa, mura ta shaƙe shi. Aka ɗauko baƙo daga wani gari, Zalɓe mai dogon wuya, wanda ko gira ka ɗaga sai ya gani.

Aka fito da turmi. Kura ta zagaya shi, ta taɓe baki. Ta ce, "Wannan ai itacen wuta ne." Ta taya da abin da ko taɓarya ba zai saya ba. Iya Giwa tana gefe, ta sunkuyar da kai.

Jangwada ya ga turmi, daɗi ya kama shi. Kai sama, kai ƙasa.

Zalɓe ya ce, "Mai jar hula ya ƙara!" Kura ta ƙara. Kai sama, kai ƙasa. "Mai jar hula ya sake ƙarawa! Ɗaya! Biyu! Uku!" Ƙararrawa, ƙwal!

Jangwada ya waiga bayansa yana neman mai jar hula. Bai ga kowa ba. Ya ce a ransa, "Kai, mutumin nan da kuɗi yake."

Aka fito da tasar tagulla, ƙatuwa. Kura ta ce, "Duk ta lotse." Kai sama, kai ƙasa. Ƙwal! Mai jar hula.

Aka mirgino tukunya, baƙa wuluk. Kura ta ce, "Tsatsa ce zalla." Kai sama, kai ƙasa. Ƙwal! Mai jar hula.

Kai Barau, daina gyangyaɗin nan. Da a gwanjo kake, da yanzu ka sayi jaki biyu da akuya.

Sai Zalɓe ya miƙa wuya har katanga. Ya ce, "Alhaji, sauko ka biya."

Jangwada ya ce, "Wane Alhaji?"

"Kai mana, mai jar hula."

"Ranka ya daɗe, ba hula ba ce. Kaina ne."

"To da kan naka ka taya."

Fili ya fashe da dariya. Kura har da birgima. Ta ce, "Doka dai doka ce! Rana na faɗuwa a kore shi, ni kuma a ba ni kayana a tayina na farko."

Jangwada ya dubi rana, ta karkata. Ya dubi filin nan, ya tuna daga gobe sai dai ya jiyo ƙararrawa daga nesa, kamar kukan tsuntsu. Sai dabara ta faɗo masa.

Ya ce, "Malam Zalɓe, kafin rana ta faɗi, kayan nan na wane ne?"

"Naka ne."

"To ara min ƙararrawarka. Zan sayar da kayana."

Ya haye bakin turmi, ya gyara murya. Ya ce, "Jama'a, ni a katangar gidan nan na girma. Shekarar da ruwa ya ƙi, wa ya manta? Turmin nan bai kwanta ba. Iya tana daka, tana rabawa ta kan katanga. Gwaggo Ɓauna, 'ya'yanki nawa suka sha kunun turmin nan?"

Ɓauna ta share ido. Ta ce, "Duka. Har da wanda ba ya gaishe ni yanzu." Ta taya. Bushiya ta ƙara. Ɓauna ta ce wallahi ba mai ɗaukarsa sai ita. Ƙwal!

Ya tsallaka kan tasa. "Wannan lotsawar da ake kushewa, kun san mafarinta? Baba Kunkuru ne ya faɗa ciki ranar sunan jikar Iya, garin leƙen tuwo. Kuma duk agwagwar garin nan a cikinta ta koyi iyo."

Kunkuru ya ce, "Turo ni aka yi!" Amma shi ya fara tayi, wai ya kai ta gida ya kife, kowa ya huta da zancen. Agwagi suka haɗa kai suka fi shi. Ƙwal!

Iya Giwa ta ɗago kai, kunnuwanta suka fara fifita.

Saura tukunya. Jangwada ya leƙa ciki, ya ja numfashi, ya lumshe ido. Ya ce, "Baƙin nan da aka kira tsatsa, romon Sallah ne. Tun Iya tana amarya yake taruwa, ba a taɓa kankare shi ba."

Yawu ya zubo wa Kura. Ta ce, "Na taya!"

Jangwada yana kallon can bayan taro. Kai sama, kai ƙasa.

Kura ta waiga. "Wa ya ƙara? To na ƙara!"

Kai sama, kai ƙasa.

"Wane ɗan baƙin cikin ne a baya? Na ƙara!"

Ba fa wanda ya ƙara. Daɗi ne kawai ya ishi Jangwada. Kura ta yi ta tsere da kanta, har ta juye jakarta kaf. Ƙwal! Ta zura kai a tukunya tana lasa, kan ya maƙale, ko tafiyarta ba a gani ba, sai ƙarar karo da bishiya.

Aka biya Iya Giwa, rana ba ta faɗi ba. Abin da ya yi saura Jangwada ya tura gabanta, ya ce, "Iya, ga na goro a hanya."

Iya Giwa ta ɗauke shi da hancinta, ta kawo shi dab da idonta. Ta ce, "Ɗan nan, tun safe nake jin ana zagin kayana, har na ɗauka a banza na zauna a garin nan. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce, "Ni ne da godiya, Iya. Na yi shekaru ina kallo kyauta."

Zalɓe ya karɓi ƙararrawarsa, ya kaɗa. Ya ce, "Jama'a ku shaida! Daga yau kan ƙadangare ba tayi ba ne. Ya zo kowane gwanjo, ya zauna a sahun gaba, ya kaɗa abinsa har wuyansa ya gaji."

Shi ya sa, yara, in kun je gwanjo kada ku kushe kayan mutum a gabansa, da su ya yi zaman duniya. Kuma ku riƙe kanku da hannu biyu.

Ƙurunƙus kan ƙadangare. A'a, shi a bar masa nasa, ya sha wuya. Kan ɓera dai.