Azarar Nekruz da tsutsar da ke cikinta

Wai me ya sa mutum zai tambayi masani, a ba shi amsa, sannan ya hau musu?

Akwai wani Nekruz a ƙauyenmu da ya matsu ya rufa ɗakinsa kafin sanyi. Mu nan wata doguwar bishiya, safedor, ake sarewa da hunturu, a ɓare ɓawonsa, a jingine shi shekara guda. Nekruz ya ce bai da wannan lokacin. Ya shiga daji ya janyo gungume tara da suka bushe a tsaye.

Ranar gayya, tsohon kafintanmu Usto Davlatsho ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan gatari, ya kara kunne. Garin itace ya zubo.

"Ɗana, wannan gidan wani ne," in ji shi. "Ƙwaro ya saka ƙwai a tsagar ɓawo, tsutsa ta huda ciki. Shekara biyu take ci kafin ta yi fiffike."

Nekruz ya yi dariya. "Haba Baba! Tsutsar da ko yatsana ba ta kai ba? Kunnenka ne dai ke ƙara."

"Kunnena ya tsufa, amma bai fara ƙarya ba."

"To a sha shayi a kama aiki. Shinkafar palov na hucewa."

Ni da na karanta ilimin gandun daji na sa baki, har da zana rayuwar ƙwaron a ƙasa. Ya ce, "Malam digiri, ɗauki laka." Wallahi kamar in fashe!

Usto ya saɓa gatarinsa ya tafi. Aka ɗora azara, aka zuba ƙasa a kai.

Dusar ƙanƙara ta uku, matar Nekruz, Gulbegim, na murza ƙullu ta ji ƙas! Ta suri jaririyarta ta yi waje ba takalmi. Azara biyu suka karye, rufi ya zauna kan shimfiɗarsu. Cikin itacen duk ramuka, tsutsotsi farare ɓul-ɓul.

Wa ya buɗe musu ƙofa har bazara? Usto. Bai ce "na faɗa maka" ba. Gulbegim ce ta ɗauki wannan aikin, safe da yamma.

Darasi: Abin da ka raina don ƙanƙantarsa yana can yana aiki yayin da kake dariya. In mai sana'a ya ce dakata, ka dakata. Don Allah ku tura wa wanda ke shirin rufi bana, tun bai tara jama'a gayya ba.