Gugan Farko a Rijiyar Tunau

Tun zamanin da ba a zagaye garuruwan yankin nan da ganuwa ba, lokacin da giwaye ke kiwo a inda kasuwa take ci a yau, an yi wani maharbi a gindin Dutsen Zargo mai suna Tunau. Bamaguje ne, jikan maharba. Tsofaffi sun ce dogo ne baƙi, mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, kuma tun da ya fara rataya kwari bai taɓa harbin dabba mai ciki ba. Makaɗan gidansu kan yi masa kirari su ce: “Tunau na Hakama, hadarin gabas mai tafe da sanyi, kibiya ɗaya ta ishe ka, sauran ka mayar gida!”

Hakamar nan gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa. Ita ta goye shi, kuma ita ke riƙe da tsafin mutanen Zargo. Ban da ita, babu wanda Tunau ya shaƙu da shi kamar karensa Ƙyalle, mai farin goshi.

Ana nan sai damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Ƙoramar Zargo ta ƙafe, tafki ya tsattsage, har ya zamana ruwan da ya rage wa dangi duka bai wuce tulu goma sha biyu ba. Tunau ya saɓi bakansa ya shiga daji. A rana ta biyu ya ci karo da wani gwanki, ya ɗana kibiya, har ya ja tsirkiya, sai idonsa ya sauka a ƙafafun dabbar. Ɗanyar laka ce manne a kofatanta. Laka, a shekarar da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa!

Ya sassauta baka, ya mayar da kibiya kwari, ya bi gwankin a hankali. Wuni guda suna tafe, har suka gangara wani kwari inda wata katuwar kanya ke tsaye kore shar, ita kaɗai a cikin busassun itatuwa. Gwanki ya zagaya bayanta, ba a ƙara ganinsa ba. Ƙyalle kuwa ya tafi gindin kanyar ya hau tono, yana fito da yashi mai sanyi.

Ashe ba Tunau ne ya fara isowa ba. Can gefe ayarin fatake ne a yashe, masu kai kanwa kudu. Sun ɓata hanya, salkunansu sun bushe, jakunansu sun fara mutuwa. Tunau ya laɓe yana kallo, sai ya ga wani dattijo mai rawani ya durƙusa, ya bugi ƙasa da tafukansa biyu, ya shafa a fuska da hannuwa, sa’an nan ya miƙe, ya sunkuya, ya kai goshinsa ƙasa.

Tunau ya tuna cewa a Zargo mutum ba ya dafa ƙasa ya shafa a fuska sai in zai haƙa ta, yana neman izininta. Ya ce a ransa, “Shi ke nan, wannan ya riga ni roƙon wurin.” Da dattijon ya idar, Tunau ya fito ya ajiye bakansa ya gaishe shi.

“Baba, ƙasa ta amsa maka?”

Dattijon, wanda ake kira Malam Sha’aibu, limamin ayarin, ya dube shi da mamaki. “Wace ƙasa, maharbi? Taimama na yi. Mu in lokacin salla ya yi ba mu da ruwan alwala, da ƙasa muke tsarki.”

Tunau ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. “Ashe ku ma in kun rasa ruwa, ƙasa kuke komawa.”

“Ba ita muke roƙo ba. Wanda ya shimfiɗa ta muke roƙo.”

“Mu ma Shi muke nufi, Malam. Sai dai muna bi ta hannun iskoki masu gadin wuri.”

Malam ya girgiza kai. “To, a nan muka rabu.”

“Mu rabu a nan,” in ji Tunau, “mu haɗu a bakin rami. Akwai ruwa a ƙarƙashin kanyar can. Na ga kuna da dagi da igiya, amma mazajenku sun galabaita. Mu muna da hannuwa da ɗan sauran ruwa, ba mu da ƙarfe.”

Haka aka yi. Tunau ya koma Zargo ya taso da danginsa kaf, da tulunansu a ka. Fatake suka sauka gabas da kanyar, Maguzawa suka sauka yamma, aka fara haƙa. Ana raba ruwa da ludayi, ludayin Bamaguje daidai da na Musulmi. Kwana tara ana yi. Da rami ya kai zurfin gaba bakwai, sai dagi ya daki fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse wanda ke tsatsafar da gumi, amma ya ƙi tsagewa. A ranar nan ruwan da ya rage a sansanin duka ƙwarya ɗaya ce.

Da hantsi sai ga Hakama ta taho janye da baƙin bunsuru, da wuƙa a hannunta.

“Ku fito daga ramin nan,” in ji ta. “Mai wurin bai sha ba, yaya za a yi ya ba ku ku sha? Jini yake jira.”

Malam Sha’aibu ya miƙe. “Iya, ki yi haƙuri. In aka zubar da jini a nan da sunan iska, mu ba mu sha, ba mu alwala. Gara mu ɗaure kayanmu.”

“Ku ɗaure mana! Kwana tara kana sunkuye-sunkuyenka, ko raɓa ka sauko mana da ita?”

Madugun ayarin, wani mai zafin kai da ake kira Zailani, ya yi tsalle ya shiga maganar. “Yo ina ruwa zai fito, tsohuwa, alhali karen ɗanki kullum yana cusa baki a ramin? Shi ya ɓata mana wurin. A kashe karen, a ba mu dagunanmu!”

Nan take aka ji ƙarar tsirkiya daga yamma, aka ga ƙyallin takubba daga gabas. Tunau ya dubi ɓangarorin biyu, ya san abin da ke tafe. In fatake suka tafi da ƙarfensu, dutse ba zai fashe ba. In danginsa suka janye hannu, fatake ba su da ƙarfin ɗaga dagi. Ko ta ina, kafin kwana biyu ungulu ce za ta gaji kwarin nan.

Ya ɗauki dagi. Ya kama igiya ya sauka cikin ramin, ya zauna dirshan a kan dutsen, sa’an nan ya ɗaga murya.

“Gwaggo, in za ki yanka, yanka, amma a kaina jinin zai zuba. Madugu, in dagi kake so, sauko ka ƙwace a hannuna.”

Tunau ya ci gaba.

“Gwaggo, ke kika goye ni, ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Ruwan da ke ƙarƙashin dutsen nan, na wa ne?”

Hakama ta yi tsaki. “Ji tambayar banza. Na Mai Sama ne. Iskoki gadi kawai aka ba su.”

“Malam, na wa ne?”

“Na Allah ne, Shi kaɗai.”

“To, tun da Mai ruwan ɗaya ne, ku bar mini zancen hanyar da kowa ke bi. Ku gaya mini abin da Yake so a yi da ruwa. Ni maharbi ne, ban sani ba.”

Hakama ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Kakata ta ce mini, duk gidan da aka sha ruwa alhali marar baki na kallo da ƙishi, ƙasa kan rufe musu idonta.”

Malam Sha’aibu ya juyo ya dube ta sosai, kamar yau ya fara ganinta. “Iya, sake faɗa.” Ta sake. Ya ce, “Mu kuma an karantar da mu labarin wani mutum da ya tarar da kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa saboda wannan kaɗai. Na karantar da shi ya fi sau ɗari. Ga shi kwana tara kare na zazzaro harshe a gabana, ban tuna ba.”

“Ni ma kwana uku ke nan bunsurun nan a ɗaure,” in ji Hakama, “ban jiƙa masa maƙoshi ba, wai don zai mutu.”

Daga cikin rami Tunau ya ce, “To, ga ƙwarya ɗaya can ta rage.”

Madugu Zailani ya dafe kai. “Malam! Ruwanmu na ƙarshe? Kare da bunsuru? In dutsen bai fashe ba fa?”

“In bai fashe ba, Zailani, ƙwarya ɗaya za ta raya mutum ɗari da ashirin?”

Malam ya tuɓe huffinsa, wato takalminsa na fata, ya tara, aka zuba masa rabin ruwan. Ya durƙusa da tsufansa a gaban Ƙyalle, ya ajiye masa. Hakama ta jefar da wuƙa, ta kwance bunsuru, ta ɗauko ƙwaryar tsafinta wadda ba a taɓa zuba mata komai ba sai jini da giya, ta juye sauran ruwan a ciki ta miƙa masa. Mutum ɗari da ashirin, leɓuna a tsage, suka tsaya suna kallon dabba biyu suna sha, ba wanda ya miƙa hannu.

Sa’an nan Malam ya fuskanci gabas da jama’arsa, suka ɗaga hannuwa. Hakama ta durƙusa a yamma da nata, suka dafa ƙasa. Ba wanda ya ari bakin wani, kowa da irin kiransa. A tsakaninsu, can ƙasa, Tunau ya ɗaga dagi.

Bugu na farko, dutse ya yi ƙara kamar tsawa. Na biyu, ya yi shiru. A na uku sai fa ya rabe biyu, ruwa ya yi tsiri ya daki Tunau a ƙirji, sanyi ƙarara. Kafin a jawo shi, ruwan ya kai masa wuya. Waɗanda suka jawo igiyar kuwa, Zailani ne a gaba, Maguzawa uku a bayansa. An ce da aka ɗaga kai, sai aka hangi gwankin nan tsaye a kan tudu yana kallonsu, sa’an nan ya juya.

Mata suka rangaɗa guɗa, fatake suka yi kabbara, makaɗa suka ƙara wa Tunau kirari: “Mai zama a ƙasan rami don na sama su rayu! Ka fasa dutse, ba ka fasa taro ba!”

Da kowa ya sha ya ƙoshi, Hakama ta harari Malam ta ce, “Kada fa ka ce addu’arka ce.”

Malam ya yi murmushi. “Ke ma, Iya, kada ki ce bunsurunki ne. Ga shi can yana cin ganye.”

Rabin ayarin ba su ƙara gaba ba, mutanen Zargo kuma ba su koma dutse ba. Aka kafa gari, aka sa masa suna Rijiyar Tunau. Malam Sha’aibu bai bar kiran mutane zuwa ga addininsa ba har ya rasu, wasu suka bi shi, wasu suka ƙi. Hakama ta mutu a kan abin da ta gada. Tunau da kansa ya sassaƙa komin shayar da dabbobi na dutse ya girke a bakin rijiyar, ya kafa doka uku: ba a zubar da jini a inuwar kanya, ba a tambayar mai ƙishi abin da yake bauta wa, kuma gugan farko na kowace safiya na marasa baki ne.

Shekaru da yawa bayan haka, a zamanin kakanninmu, wasu Kiristoci suka zo neman wurin zama. Dattijonsu ya tambayi mai gari abin da ake bukata kafin su ɗebi ruwa. Aka gaya masa dokar gugan farko. Sai ya ce, “Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku ba mu guga.”

Yau garin yana da masallatai, yana da majami’a, kuma a bayan gari akwai sauran gidajen da ke riƙe da al’adar Hakama. Ana gardamar addini a Rijiyar Tunau, ana yi sosai, a shago da tasha da gindin bishiya. Amma a shekarun da wasu garuruwa suka kama da wuta, maƙwabci ya juya wa maƙwabci baya, ko bukka ɗaya ba a ƙona a nan ba. Da baƙi suka zo da zuga, dattawan ɓangarori uku suka taru a bakin rijiya, suka zauna a kan komin dutsen, suka ce duk mai son faɗa ya fara ta kansu. Ba wanda ya fara.

An kawo famfo garin tuni, amma rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Gefen komin ya lotsa, ya yi santsi saboda harsunan dabbobi. In ka isa da sassafe, za ka tarar da wadda ta riga kowa, ko Saratu ce mai zuwa majami’a, ko Hajiya Gambo, ko jikar Maguzawan bayan gari. Za ta zura guga, ta jawo, ta wuce tulunta, ta juye a komi. Sai kare ya sha, akuya ta sha, tsuntsu ya sauko, sa’an nan ’yan Adam su sa baki.