Makiyayin da Ya Ƙi Tsufa

Akwai wani makiyayi da ke kiwo tare da ƙanensa. A wancan lokaci, in ya tsaya bakin garke da safe ya yi kira, tumaki sukan taso a guje har su nemi ka da shi, 'yan raguna suna lasar gishiri a tafin hannunsa.

Abu ɗaya yake tsoro, tsufa. Sai wani baƙo ya ce masa, "Ka riƙa tsaga kunnen tunkiya kana tsotsar jinin. Ita ba za ta mutu ba, kai ba za ka tsufa ba."

Ya gwada, abin kuwa ya ci. Tsararrakinsa suka yi furfura, haƙoransu suka zube, shi yana nan garau kamar ango. Amma tuwo ya daina yi masa daɗi, rana tana ƙona masa ido, tumakin kuma da sun ji motsinsa sai su cure a lungu suna rawar jiki.

Wata rana kewa ta ishe shi. Ya je garke ya yi kiran nan na dā. Ko ɗaya ba ta taso ba. Sai ga ƙanensa yana dogara sanda, baya ya ranƙwafa. Tari kawai ya yi, garken duka ya bi shi.

Makiyayin ya ce, "Kai tsoho, me kake ba su?"

Ƙanen ya ɗage riga ya nuna tabo a cinya. "Ranar da kura ta shigo, Yaya, jinina ne ya zuba, ba nasu ba. Kai dai ka yi kyau, ba laifi."

Makiyayin ya zauna a ƙasa yana kuka, da fuskarsa ta saurayi.

Ga ma'anar misalin nan. Yaranmu, na san kuna kallon finafinan masu shan jini, kyawawa, ba sa mutuwa, har wasunku na cewa, "Ina ma ni ne!" To, daɗewa daban, rai madawwami daban. Mai shan jini yana zubar da na wani don ya rayu. Yesu, Makiyayi Mai Kyau, nasa ya zubar don mu rayu. In ka koma gida yau, duba mutanen da ke hannunka: in sun ji muryarka, tasowa suke yi ko ɓuya?