Jijiyar da Sallau Ya Goge

An ce wai a garin Gulbin Kanya an yi wani maƙeri, Gwadabe, wanda ya ƙera wa masu lambu ƙofar ruwa a bakin madatsa. A sama akwai keken ƙarfe da ake murzawa. Idan an murza, zaren da ke cikinsa, irin na noti, ya jawo wata doguwar sandar ƙarfe sama ta cikin bututu, sandar ta ɗaga ƙofa, ruwa ya gangara lambuna. Shekara ashirin da biyu ƙofar nan ba ta taɓa yi wa kowa gardama ba.

Gwadabe yana da ɗa guda, Sallau, wanda ya guje wa maƙera tun yana saurayi ya tafi kudu tuƙin mota. Kullum cewa yake baɗi zai dawo. Da ya dawo ɗin, an kwana uku da rufe uban.

Kewa ta kama bawan Allahn nan, ba ci ba sha. Ya rasa abin da zai yi wa mamaci, sai ya ce bari ya gyara masa aikinsa ya yi ƙyalli. Ya zare sandar ya kai gida. A jikinta ya tarar da wata jijiyar ƙarfe, kaurin ɗan yatsa, ta bi tsawonta. Ya ɗauka tabon walda ne da tsufa ya hana Baba gogewa. Kwana biyu yana bin ta da magagari, yana yi yana hawaye, har sandar ta yi sumul. Kaico, Sallau!

Aka mayar, aka murza keke. Sanda ta bi keke tana juyi kamar muciya a tukunya, ƙofa ko motsi. Albasa ta kwana biyar babu ruwa, ganye ya fara kwanciya.

Masu lambu suka kai Sallau gaban Maigari Jibo. Malam Cindo, babbansu, ya ce, "Ranka ya daɗe, a kira mai walda ya liƙe sandar da bututu ta daina wannan juyin. Shi kuwa ya koma inda ya fito, a ba wani maƙerar."

Sallau bai musa ba. Ya ce, "Ni na yi. Amma a bar ni a ɗakin Baba, don Allah. Warin gawayinsa bai gama fita ba."

Maigari tsoho ne mai jinkirin magana, har mutane kan ƙosa da shi. Ya ce, "Cindo, in aka liƙe ta, juyi zai tsaya, gaskiyarka. To, da me za ta hau? Abin da muke so wurinta biyu ne: a sake ta ta yi sama da ƙasa, a hana ta waiwaye. Ku kwanto mini bututun, a kawo sabulu."

Jama'a suka dubi juna. Sabulu kuma? Aka kawo. Maigari ya ce wa Sallau, "Sa yatsanka ciki, ɗana. Me ka ji?"

"Akwai tsaga, ranka ya daɗe. Doguwa, ta miƙe har ƙasa."

"Nan jijiyar da ka goge take zamiya. Ita ke hana sanda juyawa, dole ta hau. Ka share rabin aikin ubanka, amma ɗaya rabin yana nan inda magagarinka bai kai ba."

Maigari ya danna sabulun cikin tsagar ya zaro, sai ga faɗi da zurfi sun fito ɓaro-ɓaro, har da sawun magagarin Gwadabe, layi-layi. Ya ɗora a tafin Sallau, ya ce, "Ga hukuncina. Ba za ka bar garin nan ba. Ka ƙera sabuwar jijiya daidai da wannan awo, kada ta matse ta cije, kada ta yi sako-sako ta yi kwaramniya. Kafin ka gama, kai za ka riƙa kai wa Cindo ruwa a mota. Gwadabe bai samu koya maka yana raye ba. To, ga darasinka ya bar maka."

Sallau ya daɗe yana kallon sabulun, ya ce a hankali, "Hannunsa ne wannan."

Sau uku yana yi tana cijewa. A na huɗu ya shafa mata mai, ta shige suluf. Aka murza keke, ƙofa ta yi ƙara ta ɗaga, ruwa ya kama hanyar lambu. Mutane na kabbara, shi kuwa yana riƙe da keke, ya juya wajen maƙera zai ce, "Baba, ta hau," sai ya tuna. Rabin albasar Cindo ta tsira. Sabulun kuwa yana aljihun Sallau har ya tsufa, bai taɓa bari ruwa ya taɓa shi ba.

Shi ya sa nake gaya wa masu gado: in ka ga abin da ya yi maka kama da aibi a aikin wanda ya riga ka, ka tambayi abin da yake riƙewa kafin ka goge shi. Kuma ka yi tambayar tun mai amsa yana numfashi.