Haƙoran Shatu da Sunan Ƙanwarta

Ku iyayen yanzu, kunnen ƙashi gare ku. Yaro ya yi kuka, sai ku cusa masa alawa don ku samu sukunin danna waya. To ku ajiye ta ku saurara.

Kuluwa tana da 'ya, Shatu, mai shekara uku. Tun da ta yaye ta, da shayi mai sukari cokali uku take lallashinta, ba ta ko kuskure mata baki. Haƙora suka fara baƙi. Surukarta Inna Tabawa ta yi magana, Kuluwa ta ce, "Ai za ta yi famfara, Inna, wasu su fito."

Ana nan kuncin yarinya ya kumbura har ido ya rufe, ga zazzaɓi. Kuluwa ta ce hangum ne, ta shafa mata bula.

Rana ta huɗu Hansai mai ɗigon riga-kafi ta shigo gidan. Tana buɗe bakin Shatu wari ya buge ta. Ta ce, "Wane irin hangum! Haƙori ne ya ruɓe, ga mugunya ta taru." Asibitin garin ba mai duba haƙori, don haka ta rubuta musu takarda zuwa na birni. Ba don ita ba, da bula za a yi ta shafawa.

Uban yarinya ya ce birni ya yi nisa, ya kira wanzami don ya tsaga kumburin. Inna Tabawa ta ɗauki taɓarya ta zauna a ƙofar ɗaki. Ta ce wa ɗanta, "Kai da wanzamin da askarsa, sai kun tsallake ni." Damina ce, gada ta karye. Tsohuwar ta ɗora jikarta a wuya ta ratsa rafi, ruwa iya ƙirji, Kuluwa tana biye da takarda a ka, har bakin titi.

Sun isa birni Likita Balaraba ta tashi daga aiki, har ta yafa mayafi. Ita kaɗai ce likitar haƙori a wannan yanki duka, tun safe take tsaye. Ta dubi fuskar yarinyar, ta cire mayafin. Ta fitar da mugunya, ta cire haƙora shida, ta ce da an ƙara kwana ɗaya da cutar ta shiga jini.

Shatu ta rayu. Amma kullum sai Kuluwa ta daka mata nama a turmi, kuma tana ji daga tsakar gida yara suna kiran 'yarta Wawulo, ba ta da bakin tsawatarwa.

Yanzu ta sake haihuwa, mace. Mijinta ya ce ta zaɓi wadda za a yi wa takwara cikin matan nan uku. Jibi suna, har yau Kuluwa ta kasa faɗa.

To ku da kuka fi kowa sani: Hansai, Tabawa ko Balaraba, sunan wace ce za a raɗa wa jaririyar?