Tulun Cindo a Cikin Taki

Wannan abu, kafin kowa ya gan shi ni na gan shi. Ban taɓa shiga aji ba, amma yunwa ta zo ta wuce ta bar ni, annoba ta zo ta wuce ta bar ni. To, ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, ana ce masa Cindo. A bayan gidansa yake tara ƙaiƙayi da karan dawa da kashin awaki, ya yayyafa ruwa, su ruɓe su zama taki. Wata safiya ya tura hannu cikin tarin, ya ji zafi kamar murhu. Sai ya cika tulu da ruwa, ya liƙe bakinsa da yumɓu don kada ƙazanta ta taɓa ruwan, ya binne shi cikin takin. Washegari ga ruwa da zafinsa, ba ice, ba hayaƙi.

Maƙwabcinsa Baba Jatau kuwa, in sun haɗu a masallaci sai ya toshe hanci: "Matsa can, Sarkin Juji!"

Ana nan, sanyin ƙashi ya kwantar da Jatau. Ruwan sanyi ya taɓa shi, sai ihu. Ba ɗa, ba mai yo masa ice. Cindo ya shiga kai masa tulu kowace safiya.

Ruwa ya sauka, kowa ya kwashe takinsa zuwa gona. Kande, matar Cindo, ta ce, "Malam, gonarmu fa?"

"In na kwashe, da me Baba zai yi alwala?"

"Mutumin da ke korarka daga sahu?"

"Shi. Ai ba ni yake yi wa sallar ba."

Ku saurara, ba zan ce muku rumbunsa ya cika ba. Bai cika ba. Dawa ta yi ja, ta tsumbure, gidan Cindo suka ƙarasa shekara da tafasa da rama.

Da kaka ciwon Jatau ya tsananta. Cindo ya ajiye tulu zai juya, duk jikinsa taki. Jatau ya miƙo hannu, ya ce, "Matso kusa, Cindo."

Da ruwan tulun nan aka yi wa Jatau wankan gawa.

Jama'a, alherin da bai rage maka komai ba, kowa ma zai yi. Na gaske shi ne wanda ka ji shi a cikinka, kuma ka yi wa wanda ya raina ka. Kai da ke zaune nan, wa ka bari cikin sanyi don wata tsohuwar magana?

Wanda ya ce ƙarya nake, ga tarin taki can bayan gidana. Ya naɗe hannun riga, ya tura har gwiwar hannu, in ya isa ya bar shi a ciki.